Yadda Za Ka Karanta Littafi Mai Tsarki Ka Yi Aiki da Shi Kafin Rana Ta Faɗi

Da wuya ka shiga gidan mai bi a Wusasa ko Sabon Gari ko Samaru ka rasa Littafi Mai Tsarki. Wani gidan ma uku za ka tarar: na Hausa mai baƙin bango da aka gada wurin iyaye, na Turanci da aka ba yaro ranar baftisma, da wanda ke cikin waya. Samun littafin bai dame mu ba. Abin da ya dame mu shi ne da yawanmu sai ran Lahadi muke kaɗe masa ƙura, mu riƙe shi zuwa sujada, mu buɗe inda mai wa'azi ya ce a buɗe, mu dawo mu ajiye sai wani makon. Daga Litinin zuwa Asabar kuwa, lokacin da ake ciniki da cin bashi da jarrabawa da saɓani da maƙwabta, da wani ma'auni dabam muke auna al'amuranmu.

Littafin da kansa bai yarda da haka ba. Yakubu 1:22-25 ya ce mai jin magana ba ya aikatawa yaudarar kansa yake yi, kamar wanda ya dubi fuskarsa a madubi ya juya ya manta kamanninsa. Yesu ya rufe koyarwarsa a kan dutse da magina biyu a Matiyu 7:24-27, kuma in ka lura dukansu biyu sun ji maganar, aikatawa ce ta raba su. Bulus ya gaya wa Timoti amfanin Nassi: koyarwa, tsawatarwa, gyaran hali, da tarbiyya cikin adalci, domin bawan Allah ya zama shiryayye ga kowane kyakkyawan aiki (2 Timoti 3:16-17). An kuma shaidi Ezra da abu uku a jere a Ezra 7:10: ya sa zuciyarsa ga nazarin shari'ar Ubangiji, da aikata ta, da koyar da ita. Wannan jerin za mu bi. Ina cewa "ka" ne don sauƙin magana, amma 'yar'uwa, har da ke.

Mataki na farko: nemi juyin da kake ganewa

Mu a Zariya muna da hannu cikin tarihin wannan littafi da Hausa. Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS, wato ƙungiyar mishan ta cocin Angilikan daga Ingila, ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, yana kuma cikin manyan waɗanda suka yi aikin fassarar. Mishan ya koma Wusasa a 1929, cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932. Daga baya aka yi sabon juyi a 1979, sannan ga wanda ake kira Sabon Rai Don Kowa. Tsofaffinmu da yawa har gobe na 1932 ne a bakinsu, kuma ba laifi. Amma in kai matashi ne, Hausar cikinsa tana yi maka nauyi, ɗauki wanda ya fi maka sauƙi. Haka in Turanci kake fama da shi don kawai a ga kana riƙe da na Turanci, ajiye. Karanta da harshen da kake addu'a da shi sa'ad da abu ya dame ka.

Sunayen littattafai sukan bambanta daga juyi zuwa juyi, kada wannan ya rikita ka a taron bincike: Matta shi ne Matiyu, Yohanna shi ne Yahaya, Misalai shi ne Karin Magana, Kubawar Shari'a ita ce Maimaitawar Shari'a, Ru'ya ta Yohanna ita ce Wahayin Yahaya.

Akwai juyin Hausa a manhajar YouVersion, kana iya saukewa ka karanta ba tare da intanet ba. Sai dai in da waya za ka yi karatu, kashe data tukuna, domin saƙon WhatsApp guda ya isa ya cinye lokacin duka. Ni dai na fi son na takarda. Sannan ka sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta da biro. Kada ka raina wannan, rabin aikin a cikinsa za a yi.

Mataki na biyu: tsai da lokaci

Minti 20 ya isa. A garin nan ba mai buƙatar agogo ya tashe shi, kiran sallar asuba yana shiga kowane ɗaki, maƙwabtanmu suna tashi cikin ɗarin hunturu su fita. Kai ma tashi. Markus 1:35 ya nuna Yesu ya tashi tun da sauran duhu ya fita wurin da ba kowa ya yi addu'a. Amma asuba ba doka ba ce. Nas mai aikin dare a asibitin Shika, mai gadi, da uwa mai goyo, kowa ya dubi inda yininsa ke da sarari, ya riƙe wannan lokacin kullum. Ka ajiye fitila mai caji kusa, kada ɗauke wuta ta zama hujja.

Mataki na uku: littafi guda, daga farko har ƙarshe

Akwai littattafai 66 a cikin Littafi Mai Tsarki, 39 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabo. Na 'yan'uwanmu Katolika 73 ne. Surorin littattafai 66 ɗin sun kai 1,189, saboda haka mai karanta sura uku zuwa huɗu kullum zai sauke cikin shekara. Abu ne mai kyau, amma ba zan ba mai farawa wannan shawara ba. Mutane da yawa sukan ɗauko Farawa ranar 1 ga Janairu da zafinsu, su wuce Fitowa, farkon Fabrairu su shiga Littafin Firistoci su tarar da dokokin hadayu da na kuturta, daga nan sai shiru.

Fara da Markus. Sura 16 ce, labari ne mai sauri, Yesu ne a gabanka a kowane shafi. Ka ɗauki labari guda ko koyarwa guda a rana, aya 10 zuwa 20. Cikin wata ɗaya da rabi zuwa biyu za ka gama.

Ka bar ɗabi'ar rufe ido a buɗe littafi, inda yatsa ya faɗa a ce nan Allah ya yi magana. Wannan ya fi kusa da duba irin na boka. Haka ma ayar safe da ake turowa a waya da hoton fure: tana da daɗi, amma ɗanɗano ce, ba ta ƙosar da mai yunwa.

Mataki na huɗu: karanta sau uku

Yi gajeriyar addu'a. Zabura 119:18 ta isa: roƙo ne cewa Allah ya buɗe idonka ka ga abubuwan al'ajabi cikin maganarsa. Sai ka karanta wurin sau ɗaya da murya, ko da ƙasa-ƙasa. Kunne yakan kama abin da ido ya tsallake. Karo na biyu da biro a hannu: wa ke magana, da wa yake yi, a ina, me ya faru kafin nan, wace kalma ake ta maimaitawa, me ya ba ka mamaki. Karo na uku rufe littafin ka faɗi abin da ka karanta da bakinka, kamar kana ba ƙaninka labari. Inda ka kakare, nan ne ba ka gane ba, sai ka koma.

Bari mu gwada da Markus 2:1-12. Yesu yana cikin wani gida a Kafarnahum, jama'a sun cika har bakin ƙofa. Mutum huɗu suka ɗauko shanyayye, suka rasa hanya, suka hau sama suka buɗe rufin suka zuraro shi. Wanda ya san soro irin na cikin birni, mai azara da yaɓen ƙasa, ba zai sha wuyar hango abin ba, don rufin gidajen can shimfiɗaɗɗe ne na itace da ƙasa. A karatu na biyu za ka lura da abubuwan da gaggawa ke ɓoyewa. Aya ta 5 ta ce Yesu ya ga bangaskiyarsu, ba ta mutum ɗaya ba. Abin da ya fara faɗa wa mara lafiyar maganar gafarar zunubi ce, ba ta warkarwa ba. Malaman Attaura ba su ce uffan ba, a zuci suke gunaguni, amma ya amsa musu. Warkarwar kuma ta zo ne don a san yana da ikon gafarta zunubi. Da ka karanta sau ɗaya ka rufe, da abin da za ka tashi da shi kawai shi ne Yesu ya warkar da wani.

Mataki na biyar: kada ka yanke aya daga jikinta

A nan ne aka fi yin ɓarna, don haka zan ɗan daɗe.

Lambobin surori da ayoyi ba marubutan ne suka sa su ba. Rabon surorin da muke amfani da shi ana danganta shi da Stephen Langton na Ingila a ƙarni na 13, na ayoyin Sabon Alkawari kuma Robert Estienne ne ya buga shi a 1551. An yi su don sauƙin nemo wuri. Bulus wasiƙa ya rubuta wa Filibiyawa, a karanta ta gaba ɗaya a gaban ikkilisiya. Saboda haka duk ayar da ta burge ka, karanta biyar na gabanta da biyar na bayanta kafin ka ce ga abin da take nufi.

Ɗauki Filibiyawa 4:13, wadda ake rubutawa a bayan keke da bangon shago, ɗalibai kuma su riƙe ta ranar jarrabawa: iya yin kome ta wurin wanda yake ƙarfafa mu. Koma aya ta 11 da 12. Bulus yana ɗaure ne lokacin, yana cewa ya koyi zama da wadar zuci a ƙoshi da yunwa, a samu da rashi. "Kome" ɗin da yake nufi ke nan. Ayar ba ta yi wa wanda bai yi karatu ba alkawarin cin jarrabawa. Amma tana da magana mai nauyi ga ma'aikacin da albashinsa ya ƙare tun tsakiyar wata.

Ko Irmiya 29:11, shirin alheri da Allah yake da shi domin mutanensa. Wasiƙa ce zuwa ga waɗanda aka kwashe bauta zuwa Babila. Aya ta 10 ta ce sai shekara 70 ta cika. Aya ta 5 zuwa 7 kuwa ta ce su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure, su nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki, su yi masa addu'a. Alkawarin gaskiya ne, amma yana tafe da haƙuri da aiki, da kuma fatan alheri ga garin da kake zaune ko da ba kowa a cikinsa ke bin abin da kake bi ba.

Ka kuma tambayi wanda ya faɗi maganar. Abokan Ayuba sun cika surori da jawabai masu kama da wa'azi, amma a Ayuba 42:7 Allah ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba. Iblis ma ya jawo Zabura 91 sa'ad da yake gwada Yesu a Matiyu 4:6. Sannan ka san irin rubutun da ke gabanka: labari ne, waƙa ce, doka ce, wasiƙa ce, ko karin magana. Karin Magana 26:4 ta ce kada a amsa wa wawa bisa ga wautarsa, aya ta 5 ta ce a amsa masa. Bahaushe ba zai ga saɓani a nan ba, domin ya san kowace karin magana da wurin da ake jefa ta.

Mataki na shida: fitar da aiki guda na yau

Rubuta amsar tambaya uku a littafinka, layi ɗaya ko biyu kowace. Me wannan wuri ya nuna mini game da Allah? Me ya tona game da mutum, wato ni? Me zan yi yau saboda shi?

Ta ukun ce ake gudu. "Zan ƙara ƙauna" ba aiki ba ne, buri ne, kuma ba wanda zai iya cewa da yamma an yi ko ba a yi ba. Aiki yana da suna da wuri da lokaci. Daga labarin mutum huɗun nan, aikin yau yana iya zama: bayan an tashi aiki zan biya ta gidan Baba wane da ya kwana biyu bai zo sujada ba, in ga ko yana da mai kai shi asibiti. Guda ɗaya tak. In ka rubuta biyar, ba za ka yi ko ɗaya ba.

Nassi ya fi shiga harkar yau da kullum fiye da yadda muke so. Mai awo a kasuwar Sabon Gari ko ta Samaru, in ya isa Maimaitawar Shari'a 25:13-15 zai tarar an hana ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami. Karin Magana 11:1 ta kira ma'aunin algus abin ƙyama ga Ubangiji. To, mudun da aka buga wa gindi, da tiyar saye dabam ta sayarwa dabam, da wake mai ƙwari a ƙasan buhu mai kyau a sama, duk sun shiga. Aikin ranar a fili yake: a ajiye wancan mudun a gida, ko riba ta ragu.

Wanda ya ɗauki 'yan ƙwadago noma ko leburori gini, Littafin Firistoci 19:13 ya ce kada ladan ma'aikaci ya kwana a hannunka, Maimaitawar Shari'a 24:15 ta ce a biya shi kafin rana ta faɗi domin a kansa ya dogara. Yakubu 5:4 ya ce ladan da aka danne yana kuka. "Ka dawo gobe" da muke gaya wa mai ga-ruwa alhali kuɗin na aljihu, da albashin 'yar aiki da ake ja har wata ya shiga wata, ga inda ayar ta sauka. Zabura 37:21 ta ce mugu yakan ci bashi ya ƙi biya. 'Yar'uwa, in kin kwashi adashi sannan zubi ya fara yi miki nauyi, har kina canza hanya don kada ki haɗu da uwar adashi, aikinki na yau shi ne ki je ki same ta ku yi magana, ko da rabi ne a hannunki.

Garinmu garin makarantu ne da bariki da ofisoshi. Da masu karɓar haraji da sojoji suka tambayi Yahaya Maibaftisma abin da za su yi, bai ce su bar aiki ba. Ya ce kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, kada su yi wa kowa ƙwace ko ƙazafi, su gamsu da albashinsu (Luka 3:12-14). Wanda fayil ɗin wani ke kan teburinsa yana jiran a ga hannu, ya karanta wannan a hankali. Ɗalibi kuma ya haɗa Luka 16:10, mai aminci a ƙaramin abu, da 'yar takardar da ake naɗewa a shiga da ita ɗakin jarrabawa.

Sai harshe. Afisawa 4:29 ta ce kada ruɓaɓɓiyar magana ta fita bakinmu sai mai ginawa. Fitowa 23:1 ta hana baza labarin ƙarya, kuma yatsan da ke tura saƙon da ba a tabbatar ba zuwa rukunin coci yana ƙarƙashin wannan doka. A gari irin namu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Manya suna tune da Maris na 1987, sa'ad da rikicin da ya tashi a Kafanchan ya iso Zariya, kuma kowa ya san yadda jita-jita ke gudu a irin wannan lokaci. Romawa 12:18 ta ce iyakar iyawarmu mu yi zaman lafiya da kowa. Kowa ɗin nan ya haɗa da Alhaji mai gidan haya, da Malam na kusa da shagonka. Gaisuwar rashin lafiya, zuwa ta'aziyya, barka da sallah, riƙe amanar shago in maƙwabci ya tafi masallaci, duk aikata Nassi ne. In aka tambaye ka dalilin begenka, 1 Bitrus 3:15-16 ta ce ka amsa, amma da tawali'u da ladabi.

In saɓani ne da ɗan'uwa, Matiyu 18:15 ta faɗi hanya: ka je ka same shi, ku biyu kaɗai. Ba ta ce ka fara kai maganar taron addu'a da sunan "mu sa shi a addu'a" ba.

Dokokin Tsohon Alkawari fa? Hadayun dabbobi sun cika cikin Almasihu, Ibraniyawa 10 ta yi bayani. Ayyukan Manzanni 15 ta nuna ba a ɗora wa al'ummai, wato masu bi waɗanda ba Yahudawa ba, dukan nauyin shari'ar Musa ba. Amma kada ka tsallake su, nemi abin da dokar ke karewa. Maimaitawar Shari'a 22:8 ta ce mai gina sabon gida ya yi wa rufinsa rawani don kada wani ya faɗo, alhakin jini ya hau gidan. Mutanen can suna zama a kan rufi, kai wataƙila kwano ne a kanka. Amma rijiyar tsakar gida da ba murfi, yara suna wasa kusa da ita, da wayar lantarki da ta zazzago, su ne rufinka. Littafin Firistoci 19:9-10 ya ce manomi kada ya girbe gonarsa ƙaf, ya bar kala domin matalauci da baƙo. Manomi a Giwa ko Soba ya san kala ba sai an yi masa bayani ba. Mai albashi ne zai zauna ya yi tunanin inda tasa kalar take.

Hattara da abu uku. Kada ka karanta wa wani. In kana cikin karatu ka ji zuciyarka ta ce "da ma matata ta ji wannan", koma Matiyu 7:3-5. Miji da ya haddace Afisawa 5:22 bai taɓa leƙa aya ta 21 da ta 25 ba, bai karanta wurin ba tukuna. Na biyu, littafin ba laya ba ne. Buɗe shi a Zabura 91 a tura ƙarƙashin matashi ba ya maye gurbin karanta shi, ba ya kuma hana zuwa asibiti. Luka da ya rubuta bishara likita ne (Kolosiyawa 4:14), sunansa ma asibitin Wusasa ke ɗauke da shi. Na uku, ba da waɗannan ayyuka ake sayen ceto ba. Afisawa 2:8-10 ta jera abin daidai: ceto ta wurin alheri ne, kyawawan ayyuka suna biyo baya. Shi ya sa wata rana aikin da wurin zai ba ka ba na hannu ba ne. Yana iya zama ka yi godiya, ko ka tuba, ko ka daina ɗaukar laifin da aka riga aka gafarta maka.

Mataki na bakwai: bincika kanka da dare

Minti biyar kafin barci. Buɗe littafin rubutunka, dubi abin da ka ce za ka yi. In an yi, gode wa Allah. In ba a yi ba, rubuta dalili na gaskiya: mantuwa, tsoro, ko girman kai. Furta shi bisa ga 1 Yahaya 1:9, ka mayar da aikin gobe. In abu guda ya yi mako yana bin ka daga shafi zuwa shafi, to ka gano inda gyaranka yake, kuma lokaci ya yi da za ka gaya wa wani.

Mataki na takwas: shigo da gida da 'yan'uwa

Maimaitawar Shari'a 6:6-7 ta ɗora koyar da yara a kan iyaye, a zaune a gida da tafe a hanya, da kwanciya da tashi. Malamar makarantar Lahadi taimako take yi. Sujadar iyali kada ta wuce minti 10 zuwa 15: waƙa ɗaya daga littafin waƙoƙi, yaro ya karanta wurin, kowa ya faɗi abu guda da ya ji, a yi addu'a. Baba, in ka mai da ita wa'azin awa guda, ko wurin tone-tonen laifin yara, za su tsane ta. Kaka da ba ta yi boko ba, ko idonta ya yi rauni, a karanta mata ko a kunna mata na sauti a waya, sannan a tambaye ta abin da ta gani. Sau da yawa ita za ta fi kowa kamo bakin zaren. Masu bi na farko ma yawancinsu da kunne suka karɓi Nassi, Wahayin Yahaya 1:3 ta sa albarka ga mai karantawa da masu saurara.

Bayan gida, nemi mutum biyu zuwa huɗu da za ku riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako, cikin Zumuntar Mata ne, ko ƙungiyar matasa, ko FCS, zumuntar ɗalibai Kirista, ga 'yan makaranta. Ku karanta littafi guda tare. Ku fara kowane zama da tambayar abin da kowa ya ce zai yi makon jiya. In babu wannan tambayar, taron yakan koma muhawara, wanda ya fi baki ya yi nasara, kowa ya tashi yadda ya zo.

Za ka gamu da wurare masu wuya. Bitrus kansa ya ce akwai abubuwa masu wuyar ganewa cikin wasiƙun Bulus (2 Bitrus 3:16), mutumin Habasha kuma ya gaya wa Filibus ba zai gane ba sai wani ya bi da shi (Ayyukan Manzanni 8:31). Ware shafin ƙarshe na littafinka domin tambayoyi, ka kai wa fasto ko rabaran ko katikis ko wani dattijon ikkilisiya. Matambayi ba ya ɓata. Kafin ka samu amsa, bari wurin da yake a fili ya haskaka wanda yake da duhu, kada ka gina koyarwa a kan aya guda mai wuya.

Wa'azin Lahadi ma a bi shi da bincike. Rubuta ayoyin da aka ambata, da yamma ka karanta su tare da na gabansu da na bayansu. An yabi mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17:11 don suna bin Nassi kowace rana su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. In an bincika Bulus, ba raini ba ne a bincika wani. Wannan ne zai tsare ka daga mai sayar da mai da ruwa da sunan albarka, da mai sa ranar dawowar Almasihu alhali Markus 13:32 ta ce ba wanda ya san ranar.

Haddacewa, da abin da zai biyo bayan Markus

Aya guda a mako. Rubuta ta a 'yar takarda ka sa a aljihu, ka riƙa bitarta a cikin keke tsakanin Kwangila da Samaru, ko ke kina bakin murhu. Muna zaune cikin mutanen da yaransu ke haddace littafinsu tun suna ƙanana, saboda haka ba mu da bakin cewa aya 52 a shekara ta yi yawa. Zaɓi wadda ta taɓa inda kake fama, ka haddace ta tare da sura da lambarta.

In ka yi fashin kwana uku ko mako, kada ka ce sai ka rama duka a zama ɗaya, kada kuma ka jira sabuwar shekara. Buɗe inda ka tsaya ka ci gaba.

Bayan Markus, shiga Yakubu, sura 5 ce kuma kusan kowace aya aiki ce. Daga nan Ayyukan Manzanni, sai Farawa da Fitowa don ka san tushen labarin, sai Yahaya, sai Romawa a hankali, rabin sura a rana. Karin Magana tana da sura 31, kana iya haɗa ta da kwanan wata a matsayin ƙari. Zabura guda da dare tana koya wa baki addu'a. Littafin Firistoci ka karanta shi gefe da gefe da Ibraniyawa. Wahayin Yahaya kuwa ka dakata sai ka bi ta Daniyel da Ezekiyel, domin daga can hotunansa da yawa suka fito, kuma ka karanta shi tare da wanda ya fi ka saninsa.